Taswira da bibiyar ababen hawa a Kano: wace manhaja za a ɗora a kan sabar?

Mai motocin raba kaya, ko mai Adaidaita Sahu da yawa da ake kawo masa balas kullum, ko makarantar da take da motocin ɗaukar ɗalibai, duk sukan kai matakin da kiran waya ba ya wadatar da su. Za a tambayi direba inda yake, ya ce ga shi nan a Kabuga, alhali ko kayan da aka aike shi ɗaukowa a Dawanau ba a gama lodawa ba, kuma ba lallai ne da mugun nufi ya faɗa ba, domin wani lokacin so yake kawai a kwantar da hankali. Daga nan sai mai harka ya fara sha'awar ganin motocinsa a kan allon waya ko kwamfuta. Wasu sukan biya kamfani kuɗin wata-wata ya riƙe musu komai, wasu kuma sukan fi son bayanan su zauna a sabar da suke da iko da ita, wato kwamfutar da take kunne kullum tana karɓar bayanai tana adana su. Wannan rubutu na rukuni na biyu ne, da kuma matasan da ake kira su haɗa musu irin wannan aiki.

Abu na farko da ya kamata a tsaya a kai shi ne cewa aiki biyu ne ake nema, kuma manhajojin da suke yin su daban-daban ne. Akwai zana taswirar kanta, wato tituna da unguwanni da sunayensu, akwai kuma karɓar saƙon da na'ura take turowa na inda take, a adana shi, a nuna shi nan take ga wanda aka ba izini. Na ga matasa da dama sun ɓata makonni suna fama da sabar zana taswira, suna zaton ita ce ginshiƙin aikin, alhali ga mai motoci ɓangaren bibiya ne ya fi taɓa kuɗinsa da mutanensa. Ra'ayina shi ne a fara yanke shawara a kan bibiya, sa'an nan a nemo mata taswira mafi sauƙin riƙewa.

Kafin a sayi komai ma, ya dace a tambayi kai ko ana buƙatar sabar. WhatsApp yana ba mutum damar raba inda yake na minti 15, ko awa 1, ko awa 8, kuma ga wanda yake da mota biyu ko uku da direbobin da ya yarda da su, wannan ya isa. Inda yake gazawa shi ne ba ya ajiye tarihin tafiya, ba ya ba da rahoton nisan da aka ci ko tsawon lokacin da aka tsaya, kuma da zarar direba ya kashe shi ko wayarsa ta mutu, shi ke nan.

Daga cikin buɗaɗɗun manhajojin bibiya, wato waɗanda kowa zai iya ɗauka kyauta ya ga yadda aka rubuta su, Traccar ce ta fi cika. Anton Tananaev ne ya ƙirƙiro ta, an rubuta ta da Java, kuma lasisinta na Apache ya yarda a yi kasuwanci da ita ba tare da biyan kowa ba. Babban ƙarfinta shi ne tana fahimtar yarukan sadarwa sama da 200 na na'urorin tiraka, wato na'urorin da ake maƙala wa mota su riƙa turo inda take, kama daga masu arha da ake shigowa da su daga China har zuwa masu tsada irin na Teltonika. Kowane yare yana da ƙofarsa a kan sabar, wato lambar da saƙonninsa suke shiga ta ita: na'urorin GT06 suna shiga ta 5023, na Teltonika ta 5027, manhajar waya ta Traccar Client ta 5055, shafin da ake kallon taswira kuma yana buɗewa a 8082. Mai haɗa tiraka zai ɓoye ta a bayan dashbod ko ƙarƙashin kujera, ya jona ta da batirin mota, ya sa mata layi mai data, sa'an nan ya tura mata saƙon tes ɗauke da adireshin sabar da lambar ƙofa. A nan ne ake yawan samun cikas, domin na'urori da yawa kwalinsu iri ɗaya ne amma yarensu daban, sai ka ga fitilar na'urar tana nuna ta samu sabis, motar kuma ta ƙi bayyana a allo. Maganin abin shi ne a buɗe kundin da Traccar take rubuta duk abin da ya shigo, a dubi farkon saƙon. Idan ya fara da 7878, na'urar da yaren GT06 take magana, ko me aka rubuta a jikin kwalinta, sai a mayar da ita ƙofar da ta dace.

Bayan nuna inda mota take, Traccar tana ba da damar zana shinge a kan taswira, misali a kewaye Kasuwar Singer ko garejin kamfani a Sharaɗa, ta sanar da mai harka duk lokacin da mota ta shiga ko ta fita. Tana fitar da rahoton tafiye-tafiye da tsayawa da gudun da ya wuce ƙa'ida, tana raba masu amfani rukuni-rukuni yadda manajan reshe ba zai ga motocin wani reshe ba, kuma tana iya aika umarni ga na'urar da aka haɗa wa makunnin yanke mai ko wuta. Wannan na ƙarshe yana jan hankalin masu Adaidaita Sahu saboda sata, amma ina roƙon duk wanda zai yi amfani da shi ya tabbatar abin hawan a tsaye yake, domin kashe injin da ke gudu da fasinjoji a kan titin Zariya na iya jawo abin da ya fi sata muni.

Nauyin Traccar yana cikin rumbun bayananta. Tana zuwa da ƙaramin rumbu mai suna H2 wanda ya dace da gwaji kaɗai, kuma ya kamata a koma MySQL ko PostgreSQL tun ranar farko ta aiki na gaske. Lissafin ba shi da wuya: na'ura guda da take turo saƙo duk daƙiƙa 10 na tsawon awa 12 za ta tara saƙo 4,320 a rana, motoci 50 kuwa za su tara 216,000, wato kusan miliyan 6 da rabi a wata. Wanda bai tsara yadda zai riƙa goge tsofaffin bayanai ko kwashe su gefe ba, zai ga rahoton da a da yake fitowa nan take ya koma ɗaukar mintuna.

OwnTracks da wata manufa aka gina ta. Manhajar waya ce ta Android da iPhone wadda take tura inda mutum yake ta hanyar MQTT, ƙa'idar sadarwar da Andy Stanford-Clark da Arlen Nipper suka tsara a 1999 domin sa ido a kan bututun mai ta tauraron ɗan adam, a lokacin da kowane ɗan saƙo yake da tsada. Wannan asali ya sa saƙonninta ƙanana ne kuma tana jure layin da yake yankewa yana dawowa, abin da duk wanda ya taɓa bin hanyar ƙauyukan da ke bayan Gezawa ko Bichi ya san darajarsa. A gefen sabar ana ɗora Mosquitto ya zama dillalin saƙonni, sai OwnTracks Recorder, wadda aka rubuta da C, ta riƙa adana su a fayiloli na yau da kullum ba tare da buƙatar babban rumbu ba. Kwamfuta ƙarama irin Raspberry Pi tana iya ɗaukar duka biyun. Amma OwnTracks ba ta magana da na'urorin tiraka na mota, ba ta da rahotannin da mai kasuwanci yake so, kuma tsara wanda zai ga wa aiki ne na rubuta fayil da hannu. Ta fi dacewa da iyali, ko ƙaramar tawagar ma'aikata masu zagayawa da ƙafa, ko injiniyan da yake son ya gina tasa manhajar a kan saƙonnin da suke shigowa.

Hauk ta fi su duka ƙanƙanta. An rubuta ɓangarenta na sabar da PHP, tana riƙe bayanai a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta Memcached ko Redis, kuma aikinta guda ne: mutum ya zaɓi tsawon lokaci, ta ba shi mahaɗi, ya tura wa wanda yake jiran sa, idan lokacin ya cika komai ya goge. Ga mai kai abinci ko magani wanda yake son mai saye ya ga tahowarsa, tsarin yana da kyau ƙwarai, kuma rashin ajiye tarihi kariya ce ga direba. Sai dai ƙaramin aiki ne da bai da jama'a masu yawa a bayansa, don haka a duba ranar da aka yi mata gyara na ƙarshe kafin a ɗora kasuwanci a kanta. Wanda ya riga yana da Nextcloud, manhajar ajiye fayiloli a sabar mutum, kuma zai iya ƙara PhoneTrack a ciki ba tare da sabuwar sabar ba.

Duk manhajar da ta dogara da waya tana da rauni guda da ba a ganin sa sai an fara aiki. Wayoyin Android da yawa, har da irin waɗanda suka fi tafiya a Farm Centre, suna kashe manhajar da take aiki a bayan fage domin tattalin batir, sai ka ga layin tafiyar direba ya tsaya cak a Gadar Lado na tsawon awa biyu alhali ya daɗe da isa Hotoro. Dole a shiga saitin kowace waya a cire manhajar daga jerin waɗanda ake kashewa, kuma ko an yi haka, wayar direba tasa ce, yana iya mantawa da ita a gida ko cajinta ya ƙare. Idan abin hawa ake son bibiya, na'urar da aka jona da batirinsa ta fi aminci, kuma wannan kaɗai ya isa ya karkata zaɓin mai motoci zuwa Traccar.

A ɓangaren taswira, kusan duk hanyoyin da ba na biya ba suna komawa ne ga OpenStreetMap, aikin da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, wanda bayanansa suke ƙarƙashin lasisin ODbL tun 2012. Kowa yana iya ɗauka ya yi kasuwanci da su muddin ya rubuta a jikin taswirar cewa daga can suka fito. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a jingina kasuwanci mai nauyi a kan sabar OpenStreetMap kanta, wadda da gudummawa ake tafiyar da ita, domin ƙa'idarsu ta hana jan hotunan taswira da yawa kuma suna toshe wanda ya wuce gona da iri. Google Maps kuwa tun 2018 ya wajabta buɗe asusun biya ga masu sa taswirarsa a cikin manhajojinsu, kuma da dala ake lissafi, wanda ya sa mai harkar da naira yake samu ba zai iya sanin abin da zai biya baɗi ba. Kamfanin Geofabrik na Jamus yana fitar da bayanan OpenStreetMap ƙasa-ƙasa, yana sabunta su kullum, kuma fayil ɗin Najeriya yana cikinsu.

Tsohuwar hanya, wadda shafin OpenStreetMap ya daɗe yana amfani da ita, ita ce a loda bayanan cikin PostgreSQL mai PostGIS, wato ƙarin da yake ba shi damar riƙe bayanan taswira, ta amfani da osm2pgsql, sai Mapnik ya zana su hoto-hoto, renderd ya tsara layin aiki, mod_tile kuma ya miƙa hotunan ta Apache. Kowane hoto, wato tayil, murabba'i ne mai ɗigo 256 a kowane gefe, kuma duk lokacin da aka ƙara kusantowa mataki guda, yawan tayil yana ninkuwa sau huɗu. A mataki na 18, inda ake ganin gida-gida, faɗin tayil guda a Kano bai wuce kimanin mita 150 ba, don haka filin kilomita 30 a kowane gefe, wanda zai rufe birnin da kewayensa, yana buƙatar tayil wajen 40,000 a wannan mataki kaɗai. Ga Kano kaɗai wannan ba komai ba ne, amma ga motocin da suke zuwa Legas ko Maiduguri lissafin yana tashi da sauri. Fa'idar wannan hanya ita ce hoto kowace waya tana buɗe shi, komai tsufanta. Illarta kuma ita ce manhajoji da dama ne za a riƙa kula da su, kowace da irin nata ciwon, kuma canja launi ko ƙara sunayen Hausa yana nufin sake zana komai daga farko.

Sabuwar hanya ita ce sabar ta tura bayanan tituna da gine-gine a dunƙule, wayar mai kallo ta zana su da kanta ta amfani da MapLibre, wanda aka ɓalle daga Mapbox GL a ƙarshen 2020 bayan kamfanin Mapbox ya canja lasisinsa. Da Planetiler ko tilemaker ana iya mayar da fayil ɗin Najeriya ya zama fayil guda na MBTiles ko PMTiles a kan kwamfuta ta hannu. Martin, wanda aka rubuta da Rust, yana miƙa irin waɗannan fayiloli da ƙarfi kaɗan, kuma yana iya fitar da tayil kai tsaye daga PostGIS ga wanda yake da bayanan da suke canjawa. TileServer GL yana da wata fa'ida ta daban, domin yana iya mayar da su hotuna saboda tsofaffin wayoyi. PMTiles kuwa ya ƙara sauƙaƙa lamarin har ya kai ba a buƙatar manhajar taswira a kan sabar ko kaɗan: a ajiye fayil ɗin a inda ake ajiye shafukan intanet, burauza ta riƙa yanko ɓangaren da take buƙata. A ganina wannan hanya ce ta fi dacewa da yawancin masu harka a Kano, saboda abin da ba ya gudana ba ya lalacewa da tsakar dare, kuma titunan birni ba sa canjawa da saurin da zai hana a sabunta fayil ɗin sau ɗaya a wata. Shafin Traccar yana karɓar adireshin taswirar da mutum ya tanada da kansa, don haka haɗa su ba ya buƙatar rubuta sabuwar manhaja, musamman idan Martin ko TileServer GL ne a tsakani.

GeoServer da MapServer sukan fito a duk binciken da aka yi, kuma sunayensu sukan ruɗi mutane. MapServer ya samo asali a Jami'ar Minnesota ta Amurka a shekarun 1990, an rubuta shi da C, yana da sauri, kuma da fayil ɗin rubutu ake tsara shi. GeoServer ya fara a 2001, an rubuta shi da Java, yana da shafin gudanarwa da ake dannawa, kuma yana cin ƙwaƙwalwa fiye da ɗan uwansa. Dukansu an yi su ne domin wallafa bayanan da mutum ya mallaka bisa ƙa'idojin musayar taswira na WMS da WFS, yadda mai manhajar taswira ta QGIS a wani ofishi zai iya jawo su kai tsaye. Hukumar filaye mai taswirar fulotai, ko sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero, ko ƙungiyar da take da jerin rijiyoyin burtsatse da asibitoci a ƙananan hukumomi 44 na jihar, su ne masu buƙatarsu. Mai motocin raba burodi da ya ɗora GeoServer ya sayi tirela ne domin ɗaukar buhu guda.

Akwai abin da babu ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji da zai gyara, wato ingancin bayanan da ke cikin taswirar. Kano ta yi sa'a ta wannan fuska, domin yaƙi da cutar shan inna ya sa an zana garuruwa da ƙauyukan jihar da kyau, an kuma riƙa ba ma'aikatan riga-kafi wayoyi masu GPS domin a ga unguwannin da suka shiga da waɗanda aka tsallake, aikin da ƙungiyar eHealth Africa mai ofis a nan Kano ta taka rawa a cikinsa. Duk da haka lungunan cikin gari, irin na Yakasai da Koki da kewayen Kasuwar Kurmi, ba duka suke da suna a taswira ba, kuma sababbin unguwannin da suke tsirowa a Kumbotso da Ungogo sun fi masu zane sauri. Wayar zamani a fili takan yi kuskuren kimanin mita 5, amma a lungun da faɗinsa bai kai haka ba, ko a tsakanin benayen Kantin Kwari, alamar tana iya tsallakawa layi na gaba. Ga kuma yadda muke kwatance: bayan masallacin Juma'a, layi na uku, gida mai jan ƙyaure. Manhajar neman adireshi irin Nominatim ba ta da abin yi da wannan. Abin da yake aiki shi ne direba ya danna alama a ƙofar mai saye ranar da ya fara kai masa kaya, a adana ta da sunan shagon, har a tara jeri na kamfani. Idan kuma an ga titin da babu shi, a shigar da shi OpenStreetMap daga abin da aka gani da ido ko daga sawun tafiyar motocin, ba a kwafo daga Google ba, domin lasisi ya hana.

Inda sabar za ta zauna ma shawara ce mai nauyi. Ajiye ta a ofis yana da daɗin ji, amma ana buƙatar sola ko inbata da ba ya yankewa, sa'an nan layukan data na waya galibi ba sa ba da adireshin intanet na kai wanda na'urori za su iya samu daga waje, don haka tiraka ba za ta ga sabar ba sai an nemi adireshi tsayayye daga mai ba da intanet. Hayar sabar a Turai tana kawar da matsalar wuta, amma da kuɗin waje ake biya, kuma abin da ya faru a ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma intanet ya yi rauni a Najeriya, ya nuna cewa motar da ke Bompai tana iya ɓacewa daga allon da ke Fagge saboda matsalar da ta auku a teku. Hayar sabar a cibiyar bayanai ta cikin gida tana rage wannan haɗari kuma sau da yawa da naira ake biya. Ko wace aka zaɓa, a sayi na'urorin da suke riƙe saƙonni idan sabis ya ɗauke su turo daga baya, kuma a saita su da sunan sabar na intanet (domain) maimakon lambar adireshi, domin ranar da za a yi ƙaura kada a bi motoci ɗaya bayan ɗaya ana sake tura musu tes.

Batun haƙƙin mutane ba ƙari ba ne a kan aikin. Inda mutum yake bayani ne na sirri a ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, kuma tun kafin doka, addininmu da al'adarmu sun hana bin diddigin mutum a ɓoye. A gaya wa direba a rubuce cewa akwai tiraka a motar, a bayyana masa wanda yake gani da tsawon lokacin da ake ajiye tarihin, kada kuma a bi wayarsa ta kansa bayan ya tashi daga aiki. Taswirar da take nuna lokacin da motar kuɗi ko motar ɗalibai take wucewa ta wani titi kullum abu ne mai haɗari idan ya faɗa hannun da bai dace ba, don haka shafin ya kasance a kulle da HTTPS, tsarin da yake ɓoye bayanai a kan hanya, kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa, kuma a rufe asusun wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi.

Ga mai motoci daga goma zuwa 'yan ɗaruruwa, abin da zan zaɓa shi ne Traccar a kan PostgreSQL, da taswirar Najeriya a fayil guda da Martin yake miƙawa, duka a kan sabar haya guda, tare da kwafin ajiya da ake fitarwa zuwa wani wuri kowane dare. Kafin a sayi na'urori da yawa, a ɗauki uku daga masu sayarwa daban-daban a gwada su na mako biyu, ɗaya a motar da take shiga lungunan cikin gari, ɗaya a wadda take bin hanyar Wudil ko Ɗanbatta, ɗaya kuma a wadda take kwana a gareji, domin a ga wadda take barin giɓi a layin tafiya, da wadda take shanye batirin mota idan an kwana biyu ba a tayar da ita ba, da kuma yawan datar da kowane layi ya ci.